Yaƙi da Ƙwarin Gida da Ɓeraye ta Hanyar Zauren Wayar Salula: Darasi ga Matasa Masu Zaman Kansu a Umarari, Maiduguri

1.0 GABATARWA

Aikin manomi ba ya ƙarewa a ranar girbi. Hatsin da aka sha wahalar nomawa yana iya salwanta a cikin ɗaki kamar yadda yake salwanta a gona. A da, idan ana maganar adana amfanin gona, hankali yakan tafi ga rumbu da sito. A yau kuwa wani kaso na gero da dawa da wake yana ƙarewa ne a ɗakunan haya na birni, inda 'ya'yan manoma suke zaune don karatu ko sana'a. Uba yakan auna wa ɗansa rabin buhun gero da 'yan kwanonin wake, ya sa a mota, yana mai tsammanin za su kai shi wata uku ko huɗu. Sau da yawa kafin wa'adin ya cika, waken ya huhhuje, geron ya zama gari, ɓera kuma ya yi fitsari a kan abin da ya rage.

A unguwanni irin su Umarari da ke Maiduguri akwai irin waɗannan matasa da yawa: ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da direbobin Keke Napep, da masu koyon ɗinki ko kanikanci, da waɗanda rikicin da ya ɓarke a shekarar 2009 ya raba da ƙauyukansu suka girma a birni. Mafi yawansu ba su da babba a kusa da zai nuna musu yadda ake tsare abinci, amma kusan kowannensu yana da wayar salula, ko yana zaune da mai ita.

Manufar wannan darasi ita ce:
(a) bayyana yadda matasa za su kafa zauren unguwa a waya don taimakon juna a kan ƙwari;
(b) nuna manyan ƙwarin ɗaki da rayuwarsu da hanyar maganinsu;
(c) jan kunne a kan magungunan gona da ake shigarwa ɗakin kwana.

Ana son manomi ya karanta, ya kuma miƙa wa ɗansa ko ƙanensa da ke birni.

2.0 ME YA SA ƊAKIN HAYA YA FI JAWO ƘWARI?

Kowane ƙwaro yana neman abu uku: abinci, da ruwa, da maɓoya. Ɗakin matashi mai zaman kansa yakan haɗa ukun wuri guda. A nan ake kwana, a nan ake girki, a nan ake ajiye buhu da jarkar ruwan da aka saya wurin mai moya. Kwanon da aka ci abinci da dare yakan kwana ba a wanke ba. Katifa kuma sau da yawa ta hannu ce, an saye ta a kasuwa ko an gada wurin wanda ya tashi.

Abu na biyu shi ne yanayin gini. A gidan haya mai ɗakuna takwas ko goma, bango ɗaya ne, rufi ɗaya, banɗaki ɗaya, kwata ɗaya. Ɓera yana bin saman silin daga ɗaki na farko har na ƙarshe. Kuɗin cizo yana ratsa tsagar bango da ramin wayar lantarki. Saboda haka idan mutum ɗaya ya yi feshi shi kaɗai, abin da yake yi kawai shi ne kora ƙwarin zuwa ɗakin maƙwabcinsa, bayan mako biyu su dawo. Ya yi asarar kuɗi, ya kuma shaƙi guba a banza. Wannan shi ne tushen darasin: matsalar ta gida ce baki ɗaya, don haka maganinta ma sai an yi shi tare kuma a rana ɗaya.

3.0 ZAUREN UNGUWA A WAYAR SALULA

3.1 Mene ne shi?

A wasu ƙasashe akwai manhajojin da aka ƙirƙira musamman don maƙwabta, kamar Nextdoor da ta fara aiki a faɗin Amurka a shekarar 2011. A ƙasarmu abin da ya cike wannan gurbi shi ne zauren WhatsApp, domin ba ya cin data da yawa, kuma wanda bai iya rubutu ba yana iya tura saƙon murya da Hausa ko Kanuri ko Shuwa. Zaure yana da amfani huɗu:
1. Sanarwa da wuri: wanda ya fara ganin ƙwaro ya faɗa kafin ya yaɗu.
2. Gane ƙwaro ta hanyar hoto, domin kowane ƙwaro da maganinsa.
3. Tsayar da rana ɗaya ta aikin gayya.
4. Haɗa kuɗi don sayen siminti, tarko, ragar waya ko buhun adana hatsi.

3.2 Yadda ake kafa shi

A fara da gida ɗaya ko layi ɗaya. Zauren da ya tara ɗaruruwan mutane yakan koma dandalin hira. A sanar da mai gidan haya, domin toshe rami da gyaran kwata suna buƙatar izininsa. A kuma sanar da Bulama, saboda aikin da ya shafi kwatar layi da juji ba ya tafiya sai da goyon bayan shugabannin unguwa. A zaɓi masu kula biyu. Idan akwai 'yan mata masu zaman haya ko matan aure a layin, ya fi dacewa su sami nasu zauren da mace ke jagoranta, sannan shugabannin biyu su riƙa musayar bayani. A yi ƙoƙarin shigar da mutum ɗaya mai ilimin abin, kamar malamin gona ko duba-gari ko ɗalibin fannin noma ko na lafiya.

3.3 Dokokin zaure

1. Ba a tura komai sai abin da ya shafi ƙwari da tsabta.
2. Ba a kunyata kowa. Kuɗin cizo yana shiga ɗakin mai tsabta kamar yadda yake shiga na ƙazami. Idan aka yi wa mutum ɗaya dariya, sauran za su ɓoye nasu.
3. Ba a tura haɗin magani irin na “an ce”. Duk shawarar da ta shafi guba sai masani ya duba ta.
4. Ba a tallar magani marar takarda da lambar hukumar NAFDAC.
5. Mai kula ya riƙa rubuta kowane rahoto a littafi: rana, ɗaki, irin ƙwaro, abin da aka yi. Waya tana iya ɓacewa, littafi yana nan.

3.4 Yadda ake ɗaukar hoton ƙwaro

A kama ƙwaron ba tare da an murƙushe shi ba, a ɗora shi a kan farar takarda, a ajiye tsinken ashana kusa da shi don a gane girmansa. A ɗauki hoton a waje da hasken rana. A ɗauki hoto na biyu na ɓarnar da ya yi, kamar hujin wake ko ɗigon baƙi a katifa. A haɗa da gajeren bayani: ina aka gan shi, da rana ko da dare, ɗaya ne ko da yawa.

3.5 Manhajojin gane ƙwari

Akwai manhajoji da suke duba hoto su ba da suna. Plantix, wadda aka ƙirƙira a Jamus a shekarar 2015, ta ƙware ne a kan cututtuka da ƙwarin shuka. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da FAMEWS a shekarar 2018 don bin sawun tsutsar nan mai cin masara da aka fara gani a Nijeriya a 2016. A Sifaniya, jama'a suna tura hoton sauro ta manhajar Mosquito Alert, masana su tantance. Akwai kuma iNaturalist da Google Lens da ake gane halittu iri-iri da su.

Abin lura: waɗannan manhajoji suna kuskure, musamman idan ƙwaron ƙarami ne ko hoton bai fito sosai ba, kuma yawancinsu ba don ƙwarin ɗaki aka yi su ba. A ɗauki amsarsu a matsayin matakin farko, a tabbatar wurin masani kafin a kashe kuɗi. Babban darasin da ke cikinsu shi ne tsarin: mutane da yawa su kai rahoto, masani ɗaya ya tantance, kowa ya amfana. Ana iya yin haka a layi ɗaya a Umarari.

4.0 MANYAN ƘWARIN ƊAKI DA MAGANINSU

4.1 Ƙwaron wake

Wannan ƙwaro yana fara kama wake tun a gona. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, ana iya ganinsu kamar fararen ɗigo. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci ta girma, ta fito a matsayin babban ƙwaro bayan kimanin mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi. Don a gane saurin yaɗuwarsa, a ɗauka misali cewa kowace mace ta bar mata 20 da suka rayu. A wata na farko 20 ke nan, a na biyu 400, a na uku 8,000. Shi ya sa waken da aka kawo lafiya lau a Nuwamba yakan zama ƙaiƙayi kafin Maris.

Matakan da za a bi:

(a) Bushewa. A tabbatar hatsi ya bushe sarai. A zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a ƙara shanyawa.

(b) Gasawa da rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe bakunan a danne da duwatsu. A bar shi awa biyu a tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana wuce digiri 57 a ma'aunin Salshiyas, wanda yake kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru ne suka gwada wannan hanya, a yanayi mai kama da na Barno.

(c) Toshe iska. Ƙwaro yana numfashi, idan iska ta ƙare sai ya daina ci ya mutu. Ga mai buhu guda, a yi amfani da buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin ko akwai huji, a zuba hatsi, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ga mai 'yan kwanoni kuwa, jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a cikinta ba ta isa. A cika ta har baki, a sa leda a ƙarƙashin murfi, a ɗaure tam.

(d) A ware na ci. Buɗe buhu kullum yana mayar da iska ciki. A ɗebi na mako biyu ko uku a roba mai murfi, a bar sauran a rufe.

(e) A ɗora buhu a kan katako ko bulo, a janye shi daga bango, domin ɓera ɗaya yana iya huda ledar ya ɓata aikin duka.

Waɗannan matakai suna aiki ga gero da dawa da masara. Ganyen darbejiya, wanda Maiduguri take da shi a ko'ina, yana ɗan rage ƙwari na gajeren lokaci, amma ba zai maye gurbin toshe iska ba.

4.2 Ɓera

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga abinci ba. A shekarar 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Barno, kuma daga nan cutar ta sami sunanta. Wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys, shi ne babban mai ɗauke da ita. Ana kamuwa ta hanyar abinci ko kayan gida da fitsari ko kashinsa ya taɓa, ana kuma ɗauka daga jini ko ruwan jikin marar lafiya. Alamun suna bayyana cikin mako uku, suna kama da na zazzaɓin cizon sauro a farko. Cutar ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu.

Matakai:
1. A toshe hanya. Ƙaramin ɓera yana ratsa ramin da fensir zai shiga. A cike ramuka da siminti haɗe da fasassun kwalabe, a buga falle a ƙasan ƙofa, a sa ragar waya a bakin kwata.
2. A hana shi abinci. Kowane abinci ya kwana a rufe. A fitar da shara kafin magariba. Kada a shanya abinci a ƙasa a bar shi ya kwana.
3. A kafa tarko a jikin bango, inda ake ganin kashinsa, domin ɓera gefe yake bi. A kwana biyu na farko a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi ba tare da an ɗana ba, har ya saki jiki. A dare na uku kowane ɗaki ya ɗana nasa lokaci guda. A nan ne amfanin zaure yake fitowa fili.
4. Kada a taɓa mataccen ɓera da hannu. A sa leda a hannu, a ƙulle shi a wata ledar, a binne da zurfi.
5. Kada a share kashin ɓera a bushe, don ƙurar tana shiga hanci. A jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a bari ya jima, sannan a kwashe.

Duk wanda ya yi zazzaɓin da bai ji maganin maleriya ba ya garzaya asibiti, domin maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Ana iya kiran Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, a lamba 6232 kyauta.

4.3 Kuɗin cizo

Yana ɓuya a ɗinkin katifa, da gaɓoɓin gadon katako, da tsagar bango, ya fito da dare ya sha jini. Alamarsa ita ce ɗigon baƙi a katifa da ƙaiƙayi a jere a jiki. Ba a tabbatar yana yaɗa cuta ba, amma yana hana barci, wanda ya isa ya gurgunta karatu da sana'a. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kuma babba yana iya yin watanni bai ci ba. Don haka rufe ɗaki a yi tafiya ba ya kashe shi. A wurare da dama ya daina jin feshin gwangwani da ake sayarwa.

Abin da ba ya jurewa shi ne zafi. A jiƙa zanin gado da tufafi a ruwan zafi sosai, a yi musu guga. A zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado. A kankare ɗinkin katifa da buroshi, a naɗe ta cikin baƙar leda, a sa ta a rana tun hantsi har la'asar, a riƙa juyawa, domin ƙwarin suna gudu zuwa ɓangaren da ya fi sanyi. Watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Maiduguri yake wuce digiri 40, su ne suka fi dacewa. A liƙe tsagar bango. A maimaita aikin bayan kwana 10 don kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe, sannan a sake dubawa bayan wasu kwana 10. Kada a shigar da katifa ko kujera ta hannu ɗaki sai an bincike ta a waje.

4.4 Kyankyaso

Iri biyu aka fi gani: babba ja mai fitowa daga masai da kwata, da ƙarami mai zama kusa da wurin girki. Macen ƙaramin tana ɗauke da kwanson ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40. Kyankyaso yana yawo daga ƙazanta zuwa abinci, yana kuma tayar wa masu asma ciwonsu. A rufe bakin masai da murfi, a wanke kwanuka kafin barci, a zubar da kwalaye da tsofaffin takardu, a tsane duk inda ruwa yake ɗiga. Maganin da ake ɗigawa a lungu ya ci ya mutu ya fi feshi aiki, kuma ya fi sauƙin haɗari, muddin an sa shi inda yara ba sa kaiwa.

4.5 Sauro

Nijeriya ce take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Sauro yana hayayyafa ne a ruwan da ke tsaye, kuma daga ƙwai zuwa babba yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi. Ke nan idan aka zubar da duk ruwan da ya kwanta sau ɗaya a mako, an katse masa rayuwa. A rufe jarka da duro da randa. A kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi. A cike kududdufin ƙofar gida da ƙasa. A yashe kwata. Mafi muhimmanci, a kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, ta nuna cewa bayan ruwa ya janye sauran aiki yana nan: kududdufai suna cika da sauro, ɓeraye kuma da ruwa ya kora daga ramukansu suna neman mafaka a ɗakuna.

4.6 Gara

Tana shigowa daga ƙasa, ta gina hanyar laka a jikin bango, ta ci littattafai da takardun shaida da katako. A kankare hanyar da zarar an gani, a liƙe tsagar daɓe, a ɗaga akwati da buhu daga ƙasa. Takardun makaranta a sa su a leda cikin akwatin ƙarfe. Idan ta kama katakon rufi, a sanar da mai gida, domin wannan aikin ƙwararru ne.

5.0 GARGAƊI A KAN MAGUNGUNA

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. Ƙwaro yana ɓata abinci, amma maganin da aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana ɗaukar rai.

(a) DDVP, wanda aka fi sani da Sniper, maganin gona ne mai ƙarfin guba. Ba a yayyafa shi a ɗakin kwana, ko a katifa, ko a gashin kai, ko a kan wake. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Tun a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami ragowar wannan magani fiye da miligiram 0.01 a kowane kilo, wanda shi ne iyakar da ta amince da ita. Abin da aka ƙi saya a waje saboda haɗarinsa bai kamata mu zuba shi a tukunyarmu ba.

(b) Ƙwayar turaren hatsi, wadda ake sa wa cikin buhu, tana fitar da iskar fosfin da zarar ta haɗu da danshi. Wannan iska tana ratsa buhu da tsagar bango, tana kashe mutum yana barci. Ba a amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko wanda yake manne da shi. Ta ƙwararru ce, a siton da ke nesa da mutane.

(c) Haɗin da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda, irin su ota-fiya-fiya, ba wanda ya san abin da ke ciki. A guje shi.

(d) Gubar ɓera ta gari tana kashe kaji da kyanwa, tana kuma iya faɗawa hannun yara. Tarko ya fi ta aminci.

(e) A duba launin da ke ƙasan takardar magani. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya mai haɗari, shuɗi a yi hattara, kore shi ne mafi sauƙi. Kada a juye magani a kwalbar lemo, kada kuma a zuba ruwa ko mai a mazubin da magani ya ƙare.

Idan an yi feshin gwangwani na gida, a fitar da abinci da ruwa, a fita daga ɗakin, a buɗe taga kafin a koma.

Taimakon gaggawa: alamun guba sun haɗa da dalalar miyau, da gumi, da amai, da jiri, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. A fitar da mutum zuwa iska, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A kai shi asibiti mafi kusa nan take tare da kwalbar maganin. Ya kamata kowane zaure ya ajiye lambar mai Keke ɗaya ko biyu da za a iya tasa da dare.

6.0 JADAWALIN AIKIN SHEKARA

Oktoba zuwa Disamba: sabon hatsi yana isowa daga gida. A shanya, a gasa da rana, a toshe. A haɗa kuɗin sayen buhuna tun kafin kaka.
Disamba zuwa Fabrairu: toshe ramuka da kafa tarkon ɓera na gayya.
Maris zuwa Mayu: gayyar kuɗin cizo, fitar da katifu rana.
Mayu zuwa Yuni: yashe kwata da gyaran gidan sauro kafin ruwa ya sauka.
Yuli zuwa Satumba: zagayen zubar da ruwan da ya kwanta sau ɗaya a mako, da lura da gara.

Mai kula da zaure ya riƙa tunatarwa kwana uku kafin kowane aiki. Bayan wata guda a duba littafi: idan rahotanni sun ragu, aikin ya yi, idan ba su ragu ba, a nemi ɗakin da aka tsallake ko ramin da aka manta.

7.0 KAMMALAWA

Waya ba ta kashe ƙwaro ko ɗaya. Aikinta shi ne haɗa mutane su san abin da ke damunsu, su yi aiki rana ɗaya, su kuma hana juna amfani da guba. Sauran aikin na tsintsiya ne da siminti da rana da murfi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga iyaye manoma, shawara ita ce a gasa wake da rana, a toshe shi tun daga gida kafin a aika birni, kuma kada a zuba masa magani da sunan taimako. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Barno, ko jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma.

TAMBAYOYIN BITA
1. Me ya sa feshin ɗaki ɗaya a gidan haya ba ya magance kuɗin cizo?
2. Bayyana matakan gasa wake da rana.
3. Yaya ake kwashe kashin ɓera ba tare da haɗari ba?
4. Kawo dalilin da ya sa ba a ajiye ƙwayar turaren hatsi a ɗakin kwana.
5. Waɗanne abubuwa biyu ne ba a ba wanda ya sha guba?